Na'urar da ba ta san Damagaram ba

Mun tashi daga Maraɗi ana idar da sallar asuba, mu huɗu a motar Alhaji: shi kansa, direbansa, kontabul ɗinmu mai riƙe lissafin kuɗi, sai ni a baya rungume da ordinatar, wato kwamfuta, kamar mai jego da jinjiri. Waɗanda suka yi ta tambayata abin da ya kai ni Yamai cikin wannan zafin bazara, ga labarin.

Alhaji ɗan kasuwa ne, yana sayar da kayan masarufi a sari: sabulu, taliya, man girki, sukari. Yana da mangaza, wato babban shagon sari, a Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙonni da Agadas. Ni ce mai tattara bayanan cinikin. Kaya na yawo daga wannan mangaza zuwa waccan, direbobi na sayarwa a hanya, har ta kai ba wanda zai rantse ya ce ga garin da ke ja, ga wanda ake ja. Ni na dami Alhaji a sayi lojisiyel, wato manhajar da ke nazarin ciniki ta fuska da yawa lokaci guda: ta gari, ta wata, ta nau'in kaya. Na kwatanta masa da ƙwayar sukarin kwali, ka juya ta nan ka ga fuska ɗaya, ka juya ta can ka ga wata. Ya yarda. Sai dai ya ƙara da abin da ban roƙa ba: duk mangazar da na'ura ta nuna a ƙasa, zai rufe ta kafin damina.

Mai riƙe da mangazar Damagaram yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, da mata da ƴaƴa da Innarmu a gidansa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Tun daga ranar ban sake cin abinci da daɗi ba.

Hanya ta yi kyau har Gidan Rumji, daga nan gudron, wato kwaltar, ya fara nuna shekarunsa. A Galmi albasa ta cika bakin titi, buhu kan buhu, warinta har cikin mota duk da gilas a rufe. Kontabul ya sauka ya taya, aka gaya masa kuɗi, ya dawo yana cewa a Maraɗi ma ta fi araha, amma da muka tashi sai ga rabin buhu a but ɗin motar. A kowane shingen jandarma sai mu miƙa katin shaida, su leƙa, su kalli ordinatar, su kalle ni. Wani ya tambaya ko ƴar jarida ce. Na ce a'a, ya ce to Allah ya kiyaye hanya.

A Dogonduci muka yi azahar, muka ci shinkafa da wake da mai da yaji. Ni dai cokali nake juyawa. Bayan Doso direba ya ce mu buɗe ido wajen Kure ko za mu ga raƙuman dawa. Muka buɗe har ido ya gaji, jakai kawai muka gani. Mun shiga Yamai gab da magariba. Mazan suka sauka gidan abokin Alhaji, ni aka ƙetare gada da ni zuwa Lamorde wurin goggona, inda na zauna lokacin ina jami'a. Unguwar na nan yadda na san ta, ɗalibai da jakunkuna a bakin masu shayi, ƴan kabu-kabu na kutsawa tsakaninsu. Goggo ta dube ni ta ce na rame. Na ce zafi ne.

Kamfanoni biyu muka zo gani. Na farko a unguwar Plato yake, bene mai gilas, sanyin klim har sai da na ja gyale na rufe kafaɗa. Wani saurayi cikin kwat ya karɓi ƴar kle ɗin, wato filashin da na zuba bayananmu a ciki, ya ce nasu lojisiyel a intanet yake zaune, Alhaji zai iya duba cinikinsa a waya ko yana Makka. Kafin a kawo mana ruwa taswirar Nijar ta fito a babban allo, kowane gari da da'irarsa, babba ko ƙarama gwargwadon cinikinsa. Ya taɓa Maraɗi, ta tsage wata-wata. Ya sake taɓawa, ta tsage sabulu daban, taliya daban. Gaskiya abin ya burge ni. Alhaji kuwa har ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Sannan idona ya tafi gabas. Da'irar da ke kan Zinder, inda mangazar yayana take, ba ta kai ƙwayar gero ba.

"To, ga amsa ta hito," in ji Alhaji, bai ma dube ni ba.

A gefen allon akwai wani dogon sanda mai ruwan toka, an rubuta masa "Autres", wato sauran. Na tambayi saurayin mene ne wannan. Ya yi murmushi ya ce ƙananan kurakuran rubutu ne, kowane kamfani na da su, na'urar tana share su gefe don kada su ɓata hoto. Na so in ce sandan nan ai ya yi tsawo, amma na san yadda maganar za ta fito daga bakin ƙanwar mai mangazar Damagaram. Na bar maganar, na tsani kaina.

Abokin Alhaji ya kai mu Gudel cin kifi a bakin gulbi. Ruwa ya ja baya, yara na wanka, lambunan latas da kabeji sun yi shar. Mai kifin Bazabarma ce, ta gaishe mu da "fofo", ta kawo karfasa soyayya da kopto, wato kwaɗon zogale. Kowa ya ci ya yaba. Kontabul ya ce a sa hannu da na farkon nan a huta, Alhaji ya ce tun da an yi alkawari da na biyu, a je a fita haƙƙinsu. Ina wanke hannu Inna ta kira daga Damagaram. Ba ta san komai ba, tambaya take ko na isa lafiya, ta ce yayana na gaishe ni, ya ce in sayo wa yara dabino in na samu mai kyau. Na ce to, muryata na rawa, ta ce ko mura ce.

Washegari muka nufi hanyar Saga. Gonakin shinkafar rani kore shar a dama da titi, mata sun duƙa a ciki, mu kuma gumi na bin bayanmu. Biron kamfani na biyu, wato ofishinsu, ɗaki biyu ne a bayan wani shagon taya, kuma mun tarar an ɗauke wuta. Mai wurin wata mata ce mai gilashi, ƴar Tawa, ta ce "kala suru", sai haƙuri, ta sa aka tada janareto. Nata lojisiyel a kan ordinatar ɗin biro ake girka shi, ba ruwansa da rezon intanet. Ba taswira, ba launi, layuka ne da gidaje kamar allon makaranta. Alhaji ya dubi agogo.

Ta zuba bayananmu, na'urar ta yi ta juyi, can ta tsaya cak ta fito da jan rubutu. Matar ta ce na'urar ba za ta ci gaba ba sai an amsa mata tambaya: ta ga sunayen garuruwa da ba ta sani ba. Ta karanto su. Na farko Damagaram. Sai Damagaran, sai DGM, sai Tawa, sai Konni da Birni N'Konni.

Alhaji ya yi tsaki. "Wagga wace irin na'ura ce da ba ta san Damagaram ba? Ta jiya ba ta tsaya yi muna tambaya ba."

"Alhaji, ita ma ba ta sani ba," in ji matar. "Ba ta dai tambaya ba."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Mu mutanen can baki na cewa Damagaram, takardar gwamnati na cewa Zinder, kuma ba mu taɓa jin saɓani a ciki ba. Yayana in ya zauna shigar da ciniki, Damagaram yake rubutawa, don ko a mafarki bai taɓa cewa shi ɗan Zinder ne ba. In yana sauri ya sa DGM. Mataimakinsa ne mai rubuta Zinder, shi kuma sai ranar da yaya ba ya nan. Taswirar jiya Zinder kaɗai ta sani, ta kwashe sauran ta zuba a sandan toka.

Matar ta turo mini kujera ta ce ni na san garuruwan, in gaya wa na'urar wane suna ne ɗan'uwan wane. Na zauna ina haɗawa. Kada ku ɗauka hankalina ya kwanta. Ban san abin da zai fito ba, mai yiwuwa a haɗa duka kuma yaya ya zauna a ƙasan, wannan karon da hannuna. Na haɗa Tawa da Tahoua, na haɗa sunayen Ƙonni, na bar namu a ƙarshe. Na yi bisimilla na danna.

Damagaram ta hau ta zauna ta biyu, bayan Maraɗi. Matar ta juya teburin lissafin da ke allon ta fuskar watanni, aka ga cinikin can da kaka yake tashi, lokacin da mutanen ƙauye suka sayar da amfanin gona. Na ji hawaye na zuwa, na yi kamar gumi nake sharewa. Alhaji ya matso da kujera, ya bi layukan da yatsa har ƙasa. Ƙonni ce a layin ƙarshe.

Ya zaɓi kamfani na biyun. Ya yi ƙorafin rashin taswira, matar ta ce ana iya ƙarawa daga baya, ya ce a bari tukuna. Na sayi dabinon yara a Babbar Kasuwa, na yi wa goggo sallama, muka kamo hanya da safe.

Da rana tsaka muka iso Ƙonni, Alhaji ya ce a tsaya a mangaza a yi salla. Mai riƙe da ita dattijo ne mai furfura a gemu, ban taɓa ganinsa ba sai a waya. Ya rasa inda zai sa mu don murna. Ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya aika aka kawo tsire da fura mai sanyi, ya ce da ni, "Ɗiyata, ke ce mai ordinatar? Allah shi yi albarka, ku kuke gyara muna aiki." Ya ce kasuwa ta yi nauyi tun da harkar iyaka ta rikice, amma in Allah ya so za ta dawo. Alhaji ya ci tsire, ya tambayi lafiyar iyali, bai tada maganar rufewa ba.

Sai da muka wuce Malbaza ya juyo. "Malama, in mun koma ki sake tambayar na'urar nan. Ko akwai wani suna na Ƙonni da ba ta sani ba."

Na ce to, Alhaji.

Mun shiga Maraɗi bayan la'asar, lafiya lau, sai gajiya da warin albasar kontabul a kayanmu. Abin da tafiyar ta koya mini, in za ku zaɓi irin wannan na'ura, kada kyan allo ya ruɗe ku, ku nemi wadda in ba ta sani ba za ta tsaya ta tambaya. Ku kuma sani duk yadda aka juya teburin, akwai wanda zai zauna a layin ƙarshe, kuma shi ma yayan wata ne. Na kira Inna na ce mata dabino na tafe, ban gaya mata sauran ba. Tun da muka dawo nake bin bayanan Ƙonni layi-layi, ina neman sunan da ya ɓuya. Har yau ban samu ba, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.