Ranar da Nuala ta hana doki gudu

A ƙauyenmu na Tipperary, idan watan Maris ya doso, babu mai sauran hankali. Gasar tseren dawaki ta Cheltenham, da ake yi a Ingila a tsallaken teku, ita ce a bakin kowa, har fadan cocinmu yakan gajarta wa'azi. A irin wannan gari aka haifi Nuala Dunphy, 'yar Mossie makiyayi, mace gajera mai kaushin hannu da tsadar magana. Tun tana budurwa ta shiga aiki a bargar Fintan Hegarty, mai horar da dawaki, kuma ba ta sake neman wani aiki ba. Manema sun zo sun gaji. Wanda ya fi naci ya ce warin barga take yi, ta ce ya fi warin bakinsa, aka rabu a haka.

Akwai wani baƙin doki da ta raina tun yana ɗan duƙushi. Sunansa na takarda dogo ne, amma ita Malalaci take kiransa, don ba ya tashi sai ta lallashe shi. A fili kuwa, in ya tsallake shinge, sai ka rantse bai taɓa ƙasa ba.

Shekarar da aka sa sunansa a babbar gasar, gari ya rikice. Tun cikin hunturu aka yi ta zuba caca a kansa, domin wanda ya sa da wuri shi ke kwasar riba mai tsoka. Sai dai irin wannan caca tana da sharaɗi: in doki bai fito ya yi gudu ba, kuɗinka sun tafi ke nan. Mahauci ya sa, malamar makaranta ta sa a ɓoye. Mossie, wanda bai taɓa leƙa shagon caca ba, ya sayar da maraƙansa ya sa, wai ai dokin 'yarsa ne.

Da safiyar ranar tsere, can a Ingila, Nuala ta durƙusa ta shafa ƙafar gaba ta Malalaci, ta ji zafi a jijiya. Ta kira Fintan, shi ma ya shafa.

"Sa masa ƙanƙara," in ji shi. "Zuwa azahar zai huce."

"Maigida, kai ma ka san ba zai huce ba. In ya dira a kan ƙafar nan ta karye, a wurin za su harbe shi."

"Ke Nuala, rabin garinmu na kan dokin nan! Har tsohonki. Gudu ɗaya ne fa, ki rufa mana asiri."

Fintan ba mugu ba ne, tsoron komawa gida yake ji. Ita ma tana jin tsoron. Amma ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa, ta tafi da ƙafarta ta kira likitan dabbobi na filin. Kafin azahar an soke sunan Malalaci.

Ni dai ban taɓa ganin jarumta irin wannan ba, kuma ban ga wadda aka saka wa da baƙar magana kamarta ba. Fintan ya sallame ta tun kafin su hau jirgin ruwan komawa gida. Da ta sauka daga bas a ƙauye, mahauci ya leƙo daga shagonsa.

"A'a, ga likita ta dawo! Ranki ya daɗe, a duba mana aljihu, shi ma zafi yake."

Ta wuce shi. Idonta na kan tsohuwar motar da ke tsaye a bakin coci, da Mossie a jingine da ita cikin yayyafi. Shi kaɗai take jin nauyinsa a duk garin. Ta ƙarasa da jakarta.

"Baba, ni ce na kira likitan. Maraƙanka..."

"Na ji." Ya karɓi jakar. "Ƙafar za ta warke?"

"Za ta warke. Amma ba zai ƙara tsere ba."

"Dokin ya ci abinci?"

"Ya ci."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya buɗe mata ƙofa, ya ɗaga murya yadda mahauci zai ji.

"To shiga, 'yata. Da kin bar shi ya yi gudun nan, da a ƙafa za ki tafi gida."