Rami Biyu a Kafet ɗin Mama

Kafet ɗin falonmu na Samaru ja ne mai duhu, da furanni ruwan ƙwai a gefe-gefe. Mama ce ta saya mini shi lokacin aurena, da kuɗin cittar da ta noma da hannunta a ƙauyenmu na kudancin Kaduna. Da kanta ta hawo mota ta zo kasuwar Sabon Gari ta zaɓe shi. Tun daga lokacin, duk zuwan da za ta yi gidanmu, sai ta fara duban kafet kafin ta dubi jikokinta.

Maigidana malamin lissafi ne a sakandare, kuma a duniyar nan ba wanda yake shakka kamar Mama. Ba ta taɓa yi masa faɗa ba. Abin dai shi ne, mijin ƙanwata “ɗana” take ce masa, shi kuwa nawa “Malam”, kamar wani baƙo da ya zo tambayar hanya. Abin yana cinsa sosai, ko da yake zai rantse miki bai ma lura ba. In za ta zo har aski yake zuwa yi.

Ana saura ’yan kwanaki ta zo ne aka ɗauke wuta, ya hura dutsen guga na gawayi, ya shimfiɗa bargo a tsakiyar falo zai goge rigar makaranta. Wayarsa ta yi ƙara a ɗaki. Ya ajiye dutsen, rabi a kan bargo rabi a kan kafet, ya tafi ya kama gardamar ƙwallo da abokinsa. Ƙauri ne ya fito da ni daga kicin. Ga hancin dutsen guga nan ya zanu a kafet, baƙi ƙirin, faɗin tafin hannu.

Ya tsaya ya yi tsuru-tsuru. Na ce mu dai gaya mata gaskiya, ai ba yanka mu za ta yi ba.

“Ke ce ba za ta yanka ba,” in ji shi. “Ni daga Malam zan koma Malam mai guga.”

Washegari ya shiga keke ya tafi Sabon Gari neman irinsa. Ya zaga rumfunan masu kafet kaf, kowa ya ce an daina yayinsa. Sai ya dawo da gam irin na masu gyaran takalmi, da sabuwar reza, da ƙyallen buhun algarara, da kuma wani bidiyo a waya. A bidiyon wani Bature ne yake nuna dabara: ka yanke inda ya ƙone, ka yanko daidai girmansa daga ƙarƙashin babbar kujera inda ido ba ya kaiwa, ka sa ƙyalle a ƙasa, ka liƙe.

Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini hannu.

“Wannan aikin awo ne, Maman yara. Ki bar wa masu lissafi.”

To, na bar musu. Na jawo kujerar tsugunno na zauna ina gyaran wake, na zuba masa na mujiya. Gaskiya ya yi ƙoƙari. Da rula ya auna, ya zana da alli, ya yanke ƙunar murabba’i sak. Ya ture doguwar kujera ya yanko ɗan’uwansa, ya liƙa, ya jibga littattafan lissafi a kai su danne. Da ya ɗaga su sai ga facin nan ja zur yana sheƙi, don shi bai taɓa ganin rana ko ƙafar yara ba, sauran kafet ɗin kuwa duk ya koɗe. Ga shi ya juya shi, gashinsa ya kwanta gabas na sauran ya kwanta yamma. Ko daga bakin ƙofa shi ne yake fara gaishe ka.

Ya ɗan sosa ƙeya, ya jawo teburin tsakiya ya rufe facin. Ya mai da kujera kan ramin. Ya ce magana ta ƙare.

Abin da na so in gaya masa ya hana ni shi ne, kujerar Baturen nan wataƙila tun da aka ajiye ta ba ta motsa ba. Tamu kuwa yawo take yi. Mama ta daɗe tana shugabancin zumuntar mata a ƙauye, saboda haka duk zuwanta sai matan zumuntar cocinmu sun zo gaishe ta, da kayan kiɗansu. In sun zo kuwa ba a zama a kujera. Kwashe komai ake yi a kai tsakar gida, a baje a ƙasa. Shi bai sani ba, don da ya hango zanen zumunta a bakin layi yake sulalewa. Wannan karon ranar Asabar ce, kuma Mama ta ce ya tsaya a sa masa albarka.

Matan suka cika ƙofar gida. Mama na tsaye ta ce, “Malam, a taimaka a fitar mana da kujerun nan.”

Ya fara da ƙananan, yana tafiya kamar mai ciwon baya. Da aka zo kan doguwar kujera ya kama gefe ɗaya, wata matar fasto mai ƙarfi ta kama ɗayan, sai ya dube ni. Kallon nan ya ba ni tausayi, dariyar da nake dannewa ta koma. Suna ɗagawa na yi wuf na zauna a kan ramin, na baza zanena. Ya dawo ya miƙa wa wata tebur, shi kuma ya durƙusa a kan facin ya shiga gaishe da iyaye mata. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi gona. Da suka ƙare ya koma kan ta farko. Matan sai yaba ladabinsa suke yi.

Ana haka Mama ta dube ni ta ce, “Ke, zama kika yi? Baƙi ba za su sha ruwa ba?”

Ba a yi wa Mama musu a gaban mutane. Na soma miƙewa a hankali, ina jan zane. Ban gama tashi ba sai na ji hannunta a kafaɗata. Ta ce bayanta yana son jingina, nan jikin bango za ta zauna. Ina ɗagawa tana saukowa, ko siminti ba wanda ya gani. Sannan ta nuna babban tulun kiɗa ta ce, “Malam, ka gaji da durƙuso. Ɗora wannan a kan gammonsa, nan daidai inda kake, ka je ka huta.”

Ya ɗora. Ya fita bai ko waiwaya ba.

Aka yi waƙoƙi, aka yi addu’a, aka ci abinci. Mama da ba a taɓa buga tulu ta zauna ba, ranar ko motsi ba ta yi. Matan suka yi ta jan ta ta taso ta taka, tana cewa tsufa ya zo. Ina kallonta tana murza gwiwarta mai ciwo a ƙarƙashin zane. Har mai tulun ma, da za ta tafi, sai da Mama ta sa ta bar shi a inda yake, wai tana so ta gwada hannunta da yamma.

Bayan sun watse ne ta ce in kama ta. Ƙafarta ta yi tsami, da ƙyar ta miƙe. Maigidana yana raɓe a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, yana jiran hukunci. Ta kawar da tulun, ta daɗe tana duban facin, ta shafa shi da tafin ƙafa ta wannan gefe da wancan. Ta waiwaya ta dubi ramin jikin bango.

“Yanka dai ya miƙe,” ta ce. “Amma gam ba ya riƙe inda yara suke tsalle. Ɗana, samo mini allurar buhu da jan zare, ka zo ka riƙe mini gefen.”

Ya tsaya kamar bai ji ba. Sai da na zungure shi sannan ya fita da sauri, takalminsa ma wari da wari ya sa.

Shekaru sun ja, Mama ta riga mu gidan gaskiya, falon ma an sa masa tayil. Kafet ɗin yana ɗakin maigidana, ya koɗe har jan ya koma ruwan ƙasa. Na sha cewa a ɗinke ramin gefen bango da kowane irin ƙyalle, tun da bakinsa ya fara zarewa. Ya ce a bar shi haka, nan ne ta zauna.