Jamusancin Gwaggo Asibi

Kun dai san Gwaggo Asibi ba ta karɓar gyara. Ko hanya ta ɓace mata a Kejetia, cewa take yi kasuwar aka juya. To, wannan matar ce, da shekara sittin da ɗoriya, ta rufe teburin atamfarta ta bi ni jami'a koyon Jamusanci.

Ni na jawo wa kaina. Ina shekarar farko, ko kalma ɗaya ban iya ba, bakina ya suɓuce na ce akwai ajin Asabar da ake karɓar mutanen gari. Ɗanta Nuhu yana Jamus, 'yarsa Amina kuwa ba ta jin Hausa. In an kira waya, kaka da jika sai dai su yi ta ɗaga wa juna hannu. Asabar na yi, na tarar da ita a bakin ƙofa da mayafin biki.

Malamarmu, Madam Akosua, ta fara da gaisuwa: "Guten Morgen."

"Sai kuma me?" in ji Gwaggo.

"Shi ke nan, Hajiya."

"Ei! Ba ina gajiya, ba yaya yara? Wallahi shi ya sa Nuhu ya rame."

Mako na uku aka gaya mana cewa a Jamusanci tebur namiji ne, ƙofa mace ce, yarinya kuwa ba mace ba, ba namiji ba. Gwaggo ta ajiye biro.

"Madam, wa ya duba?"

Aji ya fashe da dariya, Gwaggo kuwa ko murmushi ba ta yi ba. "Mu a Zongo 'matata ya zo' muke cewa, kuma ba wanda ya taɓa shiga ɗakin wani." Daga ranar komai ta mayar da shi mace, har direban trotro, motar hayar da muke shiga.

Ga shi ba ta rubutun boko. Da ajami take rubuta Jamusancinta, daga dama zuwa hagu. Ranar jarrabawa Madam ta juya takardar sama, ta juya ƙasa.

"Hajiya, ba zan iya karanta wannan ba."

"To kin gani? Ke ma da sauranki."

Gwaggo ta miƙe ta karanta amsoshinta da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Ta fi ni maki, jama'a! Kafin la'asar labari ya kai har unguwar Buokrom.

Sati guda ta yi tana maimaita jimla ɗaya kafin ta yarda a kira Amina. Da fuskar yarinyar ta bayyana, Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Hast du gegessen?" Wato, kin ci abinci?

Amina ta zaro ido, sai ta ɓarke da surutu kamar an buɗe famfo. Gwaggo na ta gyaɗa kai, "Ja, ja." Da aka kashe wayar ta juyo.

"Me ta ce?"

"Ban gane ba, Gwaggo."

"To uban me kike yi a jami'ar?"

Sai ta goge ido da bakin mayafi. A hankali ta ce, "Ta dai amsa mini."

Ita da Amina ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Gwaggo ta rasu wata biyu kafin su Nuhu su zo hutu. Allah Ya jiƙanta, Ya yalwata mata kabarinta, Ya haɗa ta da jikarta a gidan Aljanna. Amin.