Alamomi Biyar a Jikin Duman Inna

Muna sallame sallar asuba muka bar Katsina, ni da ƙanena, a motarsa da sai an lallashe ta take tashi. Kujerar baya mun share ta tas, har da matashin kai da bargo, domin Inna muka tafi ɗaukowa. Mu biyar ta haifa, kuma ba wanda ya rage a ƙauyenmu Yasore. Ni da direban nawa muna Katsina, ɗaya na Kano, ɗaya Legas, auta kuma aure ya kai ta Maraɗi. A waya muka yi shawara cewa zaman tsohuwa ita kaɗai a ƙauye, da wannan rashin tsaro, ya isa haka. Ni 'yar fari aka ɗora wa faɗa mata, wai tunda malamar kimiyya ce ni, na iya bayani.

Ba mu miƙe Batsari ba, inda ake ratsewa zuwa Yasore. Mun zaga ta Dutsin-Ma zuwa Safana, saboda a Babban Duhu akwai Yafendo, ƙanwar Inna, wadda ita kaɗai Inna ke jin maganarta. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo, raɓa na sheƙi a kan ganye. Da rana ta fito sai sama ta buɗe tun daga wancan dutse har wancan, ba abin da ya tare ta. Na jingina da taga ina tuna darasin da na yi wa 'yan matan ajina a makon. Na ɗiga ɗigo-ɗigo a jikin balan-balan, na ce kowane ɗigo tarin taurari ne, ina hurawa suna nisa da juna. Ina tsakiyar bayani abin ya fashe a fuskata, aji ya kwashe da dariya, darasi ya bi iska.

A Safana muka karya da koko da ƙosai. Sararin samaniya dai na faɗaɗa, amma ƙosan ɗari biyu kullum ƙanƙancewa yake. Na faɗa wa mai suyar haka, ta ce in je in yi wa masu wake wa'azi.

Daga nan muka ajiye mota muka hau babura, don hanyar Babban Duhu ruwa ya cinye ta. Mun tarar da Yafendo ta gama tatsa. Bayan gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta shanu da ta ruwa, ta dama mana fura da nonon da ko cokali ka tsayar a ciki ba zai faɗi ba. Ta ce damina huɗu ke nan rabonta da yayarta. A da takan je Yasore ta dawo a wuni guda. Yanzu garuruwan suna nan inda suke, amma tsoro ya shiga tsakani, hanya ta yi tsawo. Da na gaya mata abin da ya kawo mu, sai ta yi dariya ta ce ba za ta bar shanu ba, kuma ko ta je ɓata bakinta za ta yi. Ta ce dai in mun isa in roƙi Inna ta nuna mini dumanta. Ban gane ba, na ɗauka zancen tsofaffi ne.

Muka koma Safana muka ɗauki motar, muka shiga Batsari da hantsi ya dushe, bayan shingaye uku na jami'an tsaro. Ranar kasuwa ce, buhunan rogo jibge a bakin titi, mahauta na ta kiran mu Alhaji da Hajiya ba tare da mun je Makka ba. Muka sayi dafaffen rogo da garin ƙuli-ƙuli da tsire na tsaraba. Mai babur ɗin da ya ɗauke ni zuwa Yasore ya ja mini kunne cewa la'asar ta same mu a hanyar dawowa. Abin da nake gudar wa Inna ke nan.

Inna na tsinkar zogale muka yi sallama. Kamar kullum, ƙanena ta gaisar da fara'a, ni kuwa ta kalli gefe, don kunyar 'yar fari ba ta taɓa barin ta ta ambaci sunana ba. Malama take ce mini, shi ma da tsokana. Na jera mata bayanin da na haddace: ga ɗaki mun gyara, ga asibiti kusa, ga jikoki. Ta saurara har na gama, ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Sai na ce Yafendo ta ce a nuna mini duma.

Ta kai ni bayan ɗaki. Yaɗon ya haye danga, ga wani duma ɗanye da ya fi kaina girma, ta tallafe shi da tsohon faifai. A jikinsa akwai tabo biyar. Ta ce tun yana kamar ƙwan zabo ta sa ƙaya ta yi su, ɗaya ga kowannenmu, a lokacin babban yatsanta kan rufe su duka. Haka take yi kowace shekara tun da auta ta tafi. Yanzu tsakanin tabo da tabo sai na buɗe tafin hannuna.

"To Malama," in ji ta, "ke mai karantar da 'ya'yan mutane, wanne ne a cikinsu ya gudu?"

Na ce babu. Kowanne na nan inda ƙaya ta taɓa, fatar da ke tsakaninsu ce ta ƙaru. Ban san lokacin da na durƙusa na shiga ba ta labarin sama ba: cewa haka tarin taurari suke, kowanne in ya duba sai ya ga saura na nisa da shi, na nesa sun fi saurin nisa, kuma ba wanda yake tsakiya. Ta tambaya ko abin yana da ƙarshe. Na ce masana na ta awo har yanzu, ba su tabbatar ba ko shimfiɗe yake kamar tabarma, ko kuwa lanƙwashe kamar dumanta, girmansa ne ya hana a gani. Ta ce madalla da suka bar wa Mai shi wani abu.

Na ce ban ga nata tabon ba. Ta ɗaga duman a hankali ta nuna mini karan da ya riƙe shi.

"In na yanke shi yau, zai motse, tabon nan su dawo kusa da juna. Amma ba mai shan ruwa da shi."

Nan hawaye ya ci ƙarfina. Na ce mata kullum ina kwana da jin mun watse mun bar ta, kuma ina tsoron ranar da za a kira ni da mugun labari. A karon farko a rayuwata ta dube ni ido cikin ido.

"Wa ya ce kun bar ni? Ai ni nake zuba masa taki."

Na tuna awakin da ta sayar ranar da za a kai ni makarantar kwana. Ta yi alkawarin in duma ya ƙosa ya bushe, ta fafe shi, za ta zo ta yi rani a wurina, amma ruwan fari a Yasore zai same ta. Ta ɗauko ƙwaryar bara ta ba ni, tabo biyar na nan a gindinta.

Mun miƙe daga Batsari zuwa Katsina, muka shiga gari kafin magariba. Ƙanena ya lura cewa mun fita ta kudu mun dawo ta yamma ba tare da motar ta juya baya ko sau ɗaya ba. Ƙwaryar ce ta hau matashin da muka tanadar wa Inna. Tsorona bai tafi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na fita da nufin in koyar, na dawo da sanin cewa nisan da ke tsakaninmu ba laifin kowa ba ne, girma ne da ita ta nema mana. Ranar Litinin ƙwaryar na kai aji, kuma ba ta fashe ba.

Yanzu duk safiya in na kira ta, bayan gaisuwa sai in tambayi duma. Jiya ta ce in ƙara haƙuri, har yanzu girma yake.