Sarkin da Babaji Ya Kasa Kayarwa

Babaji mai fenti ya shekara talatin da ɗoriya yana neman motar da zai kayar da sarki a bayanta, bai samu ba.

Ba sarkin gaske ba ne, kada wani ya ɗauki zancen ya kai inda ba a aike shi ba. Sarki Dunƙule ne, wanda Babaji ya ƙago da kansa: baki bakwai gare shi, ba shi da kunne ko ɗaya, yana mulkin wata ƙasa da babu ita a duniya. Shi ne ya sa aka kama gizagizai aka zuba a rumbu, wazirinsa yana auna wa talakawa ruwan sama da ludayi, fadawansa kuma suna karɓar haraji a kan inuwar bishiya.

A wata ruga kusa da Damagum aka haifi Babaji. Yana saurayi wani babba ya zo da takarda mai hatimi, ya zagaye tafkin da suke shayar da shanu da waya. Mahaifin Babaji ya yi ta zarya ofis-ofis har shanun suka ƙare, ya kwaso iyalinsa suka tare a unguwar Dogo Nini a Potiskum, ya rasu bai sake ɗaga murya ba. Babaji bai iya faɗa ba, bai iya rubuta koke ba. Buroshi ya iya riƙewa, shi ma a garejin manyan motoci ya koya, wurin masu rubuta lamba da addu'o'i.

Potiskum kuwa garin tirela ne. Masu fenti da yawa suna zana zaki ko dawisu, amma Babaji labari yake zanawa, kowace mota da nata babin. A bayan wata gingimari sarki yana haɗiye kogi, a bayan wata yana ɗaure makiyayin da ya ce rana ta yi zafi. Direbobi su haɗu a tashar Legas ko ta Fatakwal su riƙa jera labarin, suna gardamar wane ne ya riga wane. Idan sun dawo sai su tsaya wurinsa.

"Baba, wai yaushe za ka kashe mana mugun nan ne?"

"Kawo motarka," in ji shi.

Nan fa zance yake ƙarewa. Kowa yana son sarki ya faɗi, amma ban da a bayan motarsa. Wa zai ɗora hoton faɗuwa a kan motar da take hawa tudu da buhu ɗari shida? Masu mota sukan yi dariya su ce su ba su yarda da camfi ba, amma dai a zana shi a zaune. Wani Alhaji har cewa ya yi a ƙara wa rawanin girma, don shi kwarjinin sarkin ne yake burge shi. Babaji ya ƙara masa, ya koma gida ranar bai iya cin tuwo ba.

Alhali ƙarshen labarin yana kansa tun tuni. Rumbun zai fashe, ruwan shekara arba'in ya zubo lokaci ɗaya, ya tumɓuke karaga, sarki ya kife, bakunan nan bakwai suna shan taɓo. Ya faɗa wa 'yarsa Khaulat wannan ƙarshen sau ba adadi, har takan riga shi ƙarasawa. Ta ce ya zana a bangon ɗaki mana. Ya ce a'a, mutumin da ya zaga Nijeriya a zaune, a jikin mota ya kamata ya faɗi.

Sai zamani ya juya. Aka koma sitika, a buga a na'ura a manna cikin awa ɗaya. Idanun Babaji kuma suka fara dusashewa. A asibiti aka ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiyar ce take mutuwa, abin da ya tafi ba ya dawowa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ba don aikin ba. Tsoronsa ɗaya ne, kada ya makance ya bar azzalumi a kan karaga.

Bara da damina ya sassauta sharaɗinsa. A bayan garejin akwai gawar wata gingimari da ta shekara goma ba taya, ciyawa ta fito a cikin bodinta. Mai ita ya ce ya yi yadda ya ga dama, ai ta riga ta gama faɗuwarta. Khaulat, wadda take koyarwa a wata firamare a unguwar Hausari, ta riƙa kawo shi da safe, ta jera masa gwangwanayen fenti, ja a dama, shuɗi a tsakiya, ta wuce makaranta. A lokacin ba ya ganin komai sai haske da duhu. Ya rufe murfin bayan motar da tsohon tamfol, ya hana kowa leƙawa, har ita. Kwana tara yana shafa katako da hannun hagu yana bi da na dama, yana magana shi kaɗai, wani lokacin har da dariya. Rabon da a ji dariyarsa an daɗe.

A rana ta goma da hantsi ya ce a yaye tamfol. Khaulat ta yaye, ta duba. Ikrama, wani direba da ya daɗe yana tambayar ƙarshen labarin, ya dawo daga Onica kenan, ya ga mutane ya matso.

"Wa ke nan?" in ji Babaji. "Ikrama ne? Zo, faɗa mini abin da ka gani."

"Kai, Baba, wallahi hannunka bai tsufa ba! Ga mutumin namu nan daram a kan kujerarsa, kamar na bayan motar ogana. Ko baki ɗaya ba ka manta ba."

A zuciyarsa Babaji ya ga ruwa, ya ga karaga a kife, amma hannun da ya shekara talatin yana zaunar da sarki bai san wata hanya ba. Ba tare da ido ya tsawata masa ba, sai ya bi inda ya saba.

Babaji ya juya wajen da yake jin numfashin 'yarsa.

"Khaulat, gaskiya ne?"

Ta so ta yi masa ƙarya, Allah ya sani ta so. Amma bai taɓa yi mata ba.

"Gaskiya ne, Baba."

Babaji ya sake shafa katakon. Sannan ya miƙa mata buroshin ya ce ta wanke masa. Ta kai hannu ke nan ya ce a'a, ta bar shi ya bushe, ya gama aikinsa.