Ba Turancin Take Saurare Ba

Bilki mai tumatir ba ta san sunan matar ba, amma tun da ta kasa kaya idonta na kanta. Tsohuwa ce gajeruwa, ɗaure da zanen zumuntar matan coci, zaune kan buhun dawa a bakin kasuwar Zuru. Ta manna waya a kunne, ido a rufe, saƙon murya ɗaya take ta maimaitawa.

Bilki ta kasa haƙuri. "Mama, lafiya dai?"

"Ɗana ne, Ebenezer, soja. Kullum maganarsa ɗaya da Turanci, wai komai oke. Ran da ya samu ƙarin girma, oke. Ran da harsashi ya same shi a ƙafa, shi ma oke. Ni na daina jin bakinsa, abin da ke bayansa nake saurare."

Bilki ta zuba wa kunnen tsohuwar ido. Ko shekara nawa ya yi yana koyon bambanta iskar daji da fankar asibiti?

Tsohuwar ta sake dannawa, ta ɗaga yatsa kada kowa ya yi tari. Sai ta zabura, ta rangaɗa guɗa har masu doya suka waiwayo.

"Saurara, 'yata! Can bayansa kwandasta ke ihu, Zuru, saura mutum ɗaya! Ja'iri, wai zai yi mini ba-zata!"

Ta gyara ɗaurin zane, ta miƙo kwano.

"Cika shi taf. Zakaran gidana kuwa, yau kwanansa ya ƙare."