Bayan Wace Sallah?

Ni mutum ne mai surutu, duk Bebeji an shaida. Idan na fara labari a tasha, direbobi har mantawa suke da lodi. Amma kalma ɗaya ta taɓa ɗaure min baki wata da watanni, kuma kullum sai na ji ta sau biyar: sallah.

Da muka rabu da uwar 'yata, ta koma gidan mahaifinta a Yako da yarinyar, lokacin bakinta bai gama buɗewa ba. Alƙali ya bar mata riƙo, ban yi gardama ba. Ni kuma ya ce in riƙa ɗaukar 'yata ranar Juma'a bayan sallah, in mayar da ita Asabar da yamma. Na fito daga kotu ina washe baki kamar an biya min Makka. Na biya kasuwa na saya mata jan takalmi, irin mai ƙara idan an taka.

Juma'ar farko liman na sallamewa na haye babur. Na tarar da surukina na da a zaure.

"Baba, barka da Juma'a. Na zo ɗaukar mutuniyar."

Kafin ya amsa, uwar ta ɗaga murya daga tsakar gida: "Baba, ka gaya masa bayan Sallah alƙali ya ce. Ko azumi ba a fara ba."

Na kwashe da dariya, na zaci raha ce. Ni kaɗai na yi abata, har akuyar gidan ta ɗaure fuska.

Na ce bari in bi ta a hankali. Aka yi azumi, aka yi Ƙaramar Sallah, na koma da takalmina a leda.

"Baba, ka gaya masa Babba ake nufi."

Tsohon ya sunkuyar da kai yana jan carbi. A hanyar dawowa na yi tsakin da na tabbata an ji shi a Doguwa.

Masu ba da shawara kuwa sun fi buhunan masarar Tudun Wada yawa. Wani abokina ya ce in faki ido in sungumi yarinyar a ƙofar gida. Na ce, "Wato in tashi daga mai gaskiya in koma ɓarawon 'yarsa?" Mai unguwa ya zaunar da mu sulhu, aka sha fura, aka yi addu'a, kowa ya tashi da Sallarsa. Sai wani lauya da nake gyara wa janareta ya ce in koma kotun da ta yi hukuncin, in shaida mata an ƙi bin umarninta. Za a aika wa uwar sammaci, in ta ci gaba har tsare ta ana iya yi. Tsarewar ce ban so ba. Da wane ido zan kalli yarinyar?

Na koma. Yau alƙali ya tafi taro Kano, gobe ruwa ya cinye hanya. Na yi zarya har benci ya san wandona. Da dai aka zauna, alƙali ya dubi uwar.

"Ke, da na ce Juma'a bayan sallah, rago kika ga na ɗaure?"

"Allah ya gafarta Malam, ni haka na fahimta."

"To a rubuta: sallar Juma'a, mai huɗuba, ta kowane mako. In kin ƙara, kotu kika raina, ba shi ba."

Juma'ar da ta biyo aka fito min da yarinyar zaure, ta yi tsawo, an yi mata kitso. Na zaro takalmin, na tsuguna ina turawa, dunduniya ta ƙi shiga. Ita kuwa ta durƙusa da ladabi ta ce, "Ina wuni, Kawu."

Ni da nake hana direbobi lodi, na rasa ko "lafiya lau". Alƙali ya gyara kalmarsa, amma wannan wace kotu zan kai ta? Na ɗora ta a babur, na ce ta riƙe rigata da kyau. Har muka iso Bebeji ƙarfen baya ta riƙe.